Sanata da nisan hanya: Agadas a Majalisar Dattawan Faransa, 1947-1961

1. Gabatarwa

Kalmar "sanata" ta shigo bakin Hausawan Nijar ne ta wajen Najeriya, inda kowace jiha take da sanatoci 3 a majalisar dattawa. Saboda haka ɗalibai da dama suna ɗauka cewa muƙamin baƙo ne a tarihinmu. Ta wani gefen suna da gaskiya, domin tun daga ranar 3 ga Agusta 1960 babu wata majalisar dattawa da ta taɓa zama a Yamai. Amma kafin samun mulkin kai Nijar ta yi sanatoci, waɗanda suka zauna a birnin Paris daga 1947 zuwa 1959, sa'an nan kuma wasu suka wakilce ta a wata majalisa mai gajeren rai har zuwa 1961.

A cikin wannan maƙala muna so mu duba aikin irin wannan sanata da yadda yake gudanar da kwanakinsa, amma za mu tsaya ne daga Agadas mu hango shi. Mun zaɓi Agadas don ita ce ta fi fito da matsalar fili. Sanata wakilin ƙasa ne baki ɗaya, daga bakin kogin Kwara har zuwa Kawar. Ra'ayinmu shi ne tsarin da aka zaɓe shi a kai, da wurin aikinsa, da harshen aikinsa, duk sun haɗu sun nisanta shi da mutanen Abzin, ko da kuwa shi kansa mai kyakkyawar niyya ne. Za mu ga abin da wannan nisa ya haifar a ranar da aka kawo dokar da ta ambaci Agadas da sunanta.

2. Majalisar da kujerun Nijar

Tsarin mulkin Faransa na Oktoba 1946 ya kafa majalisu biyu na dokoki: majalisar ƙasa ta depite-depite, da kuma ta biyu wadda aka kira Conseil de la République. An guje wa tsohon sunan Sénat da gangan, don ƴan siyasar bayan yaƙi suna zargin tsohuwar majalisar dattawa da taka wa sauye-sauye birki. Duk da haka sabuwar majalisar ta zauna a tsohon gidan, wato fadar Luksambur, kuma a ƙarshen 1948 membobinta suka maido wa kansu laƙabin sanata. Daga wannan shekara yawansu 320 ne, 44 daga ciki na yankunan ƙetare irin su Nijar, kuma wa'adinsu shekara 6. Shugabanta tun daga Maris 1947 shi ne Gaston Monnerville, baƙar fata ɗan asalin Giyana.

Nijar tana da kujeru 2. Ɗaya ta rukuni na farko ce, wato Faransawa da ƴan ƙalilan da suke ƙarƙashin dokar zaman jama'a ta Faransa. Ɗayar kuma ta rukuni na biyu, wato sauran mutanen ƙasa. Ke nan Turawa ƴan kaɗan, ma'aikata da ƴan kasuwa, suna da sanata guda, kamar yadda ƴan ƙasa fiye da miliyan 2 suke da guda. Kujerar Turawa Raoul Streiff ya fara riƙe ta, daga 1948 kuma Gaston Fourrier, wanda aka sake zaɓa a 1952. Ƴan Afirka huɗu ne suka wakilci Nijar bi da bi: Mohamadou Djibrilla Maïga (1947-1948), likita Oumar Ba (1948-1952), Yacouba Sido na Maine-Sorowa (1952-1958), da Issoufou Saïdou Djermakoye na gidan sarautar Doso (1958-1959). Babu ɗan Abzin a cikinsu.

3. Masu zaɓe

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta game da sanata shi ne wanda ya zaɓe shi. Talakawa ba su jefa masa ƙuri'a. Membobin majalisar yankin Nijar da ke Yamai su ne suke zaɓensa, kowane rukuni da nasa, daga baya aka haɗa da depite-depiten ƙasar. Majalisar da aka kafa a 1946 tana da membobi 30, 10 na rukuni na farko, 20 na rukuni na biyu. A 1952 suka zama 50, wato 15 da 35. Idan muka yi lissafi, mutumin da ya sami goyon bayan mutum goma sha ɗaya a 1947, ko wajen ashirin a 1952, ya zama sanatan ƴan ƙasa.

Irin wannan zaɓe ba ya bukatar kiɗa da maroƙa a kasuwa. Zaɓe ne na zaure da na ɗakin baƙi, ana bin mutane ɗaya ɗaya. Kuma da yake da yawa daga cikin membobin sarakuna ne ko ƴaƴan sarakuna ko ma'aikatan gwamnati, bakin gwamna yana da nauyi ƙwarai a kansu. A zamanin gwamna Jean Toby aka kafa jam'iyyar UNIS a Maraɗi a 1948, da goyon bayan sarakuna da na hukuma, don a rage ƙarfin PPN ta su Diori Hamani da Djibo Bakary, wadda take reshen RDA ce, ita kuma RDA tana ƙawance da ƴan kwaminis na Faransa har zuwa 1950. Yacouba Sido ɗan UNIS ne, kuma an zaɓe shi a Mayu 1952, ƴan makonni bayan jam'iyyarsa ta lashe zaɓen majalisar yanki.

Su kansu membobin majalisar yankin ba kowa ne ya zaɓe su ba. Kafin 1956 ƙuri'a ta wasu rukunoni ce: sarakuna, ma'aikata, tsofaffin sojoji, ƴan kasuwa masu takardar izini. A 1947 aka ƙara waɗanda suka iya karatu da Faransanci ko Larabci, a 1951 kuma aka ƙara magidanta masu biyan lampo da matan da suka haifi ƴaƴa biyu. A kan takarda wannan ya buɗe ƙofa ga malaman Agadas da Ingal da ma shugabannin zuriyoyi. A aikace kuwa, makiyayin da yake bin ciyawa a Tadaras ko Azawak, ko mai ayarin gishiri da ya kama hanyar Fashi da Bilma a watan Oktoba, daga can kuma ya gangara ƙasar Hausa sayen hatsi, ba shi kusa da akwatin zaɓe a ranar da aka sa. Tsakanin wannan mutum da sanatansa akwai matakai biyu, kuma sau da yawa ko na farkon bai taka ba.

Yana da kyau mu kwatanta da Arewacin Najeriya a wannan lokaci. Can Ingilishi sun kafa majalisar sarakuna a Kaduna, inda Sarkin Musulmi da Sarkin Kano da na Katsina suke zama da kansu saboda sarautarsu. Faransa ba ta yi haka ba. Sarkin Abzin na lokacin, Umaru, wanda ya daɗe a kan gado har zuwa 1960, ba shi da kujera a wata majalisar dokoki saboda rawaninsa. Hanyarsa ta kai kuka ita ce kwamandan Agadas. Kada mu manta kuma cewa shekara 30 kacal ke tsakanin yaƙin Kawsan na 1916-1917 da zaɓen sanata na farko. Mutanen da suka ga kisan malamai a Agadas bayan shigowar sojojin Faransa a Maris 1917, suka kuma ji mutuwar Sarki Tagama a kurkuku a 1920, da yawansu suna raye. Ba mu ga abin mamaki ba idan irin waɗannan mutane suka yi taka-tsantsan da duk abin da ya fito daga hannun hukuma, har da makaranta da katin zaɓe.

4. Kwanakin sanata a Paris

Aikin majalisa kashi biyu ne: na kwamiti da na babban zaure. Sanatocin Afirka galibi suna neman shiga kwamitin yankunan ƙetare, don nan ne dokokin da suka shafe su suke biyowa. A kwamiti ake karanta daftarin doka sashe sashe, a naɗa mai kawo rahoto, a saurari minista. Zaman babban zaure kuwa yakan kai dare, musamman a lokacin kasafin kuɗi, kuma duk abin da aka faɗa ana buga shi a jaridar gwamnati.

Sai dai ikon majalisar ƙanƙane ne a farko. Daga 1946 zuwa 1954 shawara kawai take bayarwa a kan abin da depite-depite suka riga suka zartar, a cikin wata 2, kuma su suke da maganar ƙarshe. Idan sanata ya rubuta daftarin doka, ba a tattauna shi a majalisarsa, sai a miƙa shi ga ɗaya majalisar. Gyaran tsarin mulki na Disamba 1954 ne ya maido da kai-da-kawowar daftari tsakanin majalisun biyu. Don haka makaman sanata na yau da kullum ƙanana ne: tambaya a rubuce ga minista, tambayar baki, gyara ga wani sashe, ko kudurin da yake roƙon gwamnati ta yi kaza. Ba mu raina waɗannan ba. Tambayar da aka buga a jaridar gwamnati tana tilasta wa ma'aikatar yankunan ƙetare da ke titin Oudinot ta rubuta wa Dakar, Dakar ta rubuta wa Yamai, Yamai ta nemi bayani daga kwamanda. Ga ɗan ƙasar da har 1946 ana iya kama shi a sa shi aikin dole ba tare da shari'a ba, ikon sa kwamanda ya yi bayani ba ƙaramin abu ba ne. Bugu da ƙari sanata yana da rigar kariya, ba a kama shi a lokacin zaman majalisa sai da izininta.

Ƙaramin iko bai hana majalisar jan ƙafa ba. Dokar ƙwadago ta yankunan ƙetare ta daɗe a hannunta, inda wakilan kamfanonin Turawa, musamman Luc Durand-Réville sanatan Gabon, suka yi ta rage mata kaifi. Sai da ma'aikatan Afirka ta Yamma suka yi yajin aiki na gama-gari ranar 3 ga Nuwamba 1952, sa'an nan aka sa wa dokar hannu ranar 15 ga Disamba. Wannan ya nuna irin zauren da sanatan Nijar yake zaune a ciki: kashi mai yawa na kujerun ƙetare a hannun Turawan rukuni na farko suke, waɗanda suka fi shi sanin hanyoyin gidan. Dokar ta shafi ƙasar Agadas kai tsaye, domin tun ƙarshen shekarun 1940 akwai leburori masu haƙar kuza a Elmeki, cikin duwatsun Abzin.

Wani sashe babba na kwanakin sanata ba ya shiga jaridar gwamnati. Shi ne na bin ofis-ofis: fanshon tsohon soja da ya maƙale, tallafin ɗalibi, canjin wurin aikin malamin makaranta, da kuma neman a sa wani aiki cikin shirin FIDES, asusun raya yankunan ƙetare da aka kafa a 1946. Albashinsa ana auna shi ne da na manyan ma'aikatan Faransa, kuma tun daga Oktoba 1948 faran 1 na CFA daidai yake da faran 2 na Faransa. A idon dangi da abokan jam'iyya mai kuɗi ne, ɗakinsa a Paris kuma masauki ne ga duk ɗan ƙasa da ya sauka. Duk wanda ya san zamantakewarmu ya san abin da wannan yake nufi. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suke iya rubuta masa wasiƙa da Faransanci su ne suke samun wannan hidima. Ƴan lakwal kuwa sun fi yawa a Yamai da Doso da Damagaram. A Agadas harshen kasuwa da na gari Hausa ne, na daji Tamajak, na malamai Larabci, kuma makarantun makiyaya ba su daɗe da farawa ba.

Ga kuma hanya. Jirgin sama yana ɗauko sanata daga Paris ya sauke shi Yamai cikin ƙasa da kwana biyu. Daga Yamai zuwa Agadas ta Tawa kilomita 900 ne da ɗoriya, ba kwalta. Sai wajen 1980 aka shimfiɗa ta saboda yuraniyom na Arlit. Tafiya ce ta kwanaki, da damina kuma laka ta Irhazar tana tsai da mota. Hutun majalisa yana faɗowa ne a watannin damina. Sanatan da ya zo hutu, wanda masu zaɓensa suke taruwa a Yamai, wanda kuma danginsa suke jiransa a garinsu, ba shi da wani dalili na siyasa da zai sa ya ɗauki wahalar zuwa Abzin. A wancan zamani motocin kamfanin sufuri na Aljeriya suna ratsa Agadas daga Tamanrasat zuwa Damagaram da Kano, don haka ta fuskar zirga-zirga garin ya fi haɗe da waɗannan wurare bisa ga Yamai.

5. Dokar Sahara ta 1957

A 1956 aka sami man fetur a Saharar Aljeriya, a Ejele a watan Janairu, a Hasi Mas'ud a tsakiyar shekara, alhali yaƙin neman ƴancin Aljeriya yana ci tun Nuwamba 1954. Gwamnatin Guy Mollet ta kawo daftarin dokar kafa ƙungiyar haɗin gwiwar yankunan Sahara, wadda aka sani da OCRS. Ministan da ya kare daftarin a gaban majalisu shi ne Félix Houphouët-Boigny, shugaban RDA. An tattauna shi a Disamba 1956, aka sa masa hannu ranar 10 ga Janairu 1957.

Dokar ta zana yankin da ƙungiyar za ta kula da shi: Saharar Aljeriya, arewacin Gundam da Tumbutu da Gawo, yankin Borku da Enedi da Tibesti a Cadi, sa'an nan ɓangaren Sahara na da'irorin Tawa da Agadas tare da Bilma gaba ɗayanta. An ce manufarta raya tattalin arziki ce. Amma babban wakilin da gwamnatin Paris take naɗawa an ba shi har alhakin tsaro da kiyaye doka a yankin, kuma a Yuni 1957 aka ƙirƙiro ma'aikatar Sahara aka ba Max Lejeune. Wata 6 kafin dokar OCRS, dokar Defferre ta 23 ga Yuni 1956 ta ba kowa ƙuri'a, ta soke rukuni biyu, ta kuma share hanyar kafa gwamnatin cikin gida a Yamai. Wato a daidai lokacin da ake miƙa wa ƴan Nijar ikon cikin gida, ana shirin janye fiye da rabin faɗin ƙasar zuwa wani tsari da Paris za ta riƙe. A shekarar 1957 ɗin kuma masu binciken ma'adinai suka ga alamun yuraniyom a Azelik, kusa da Tegidda-n-Tesumt.

Wannan ita ce doka mafi nauyi ga Agadas da ta bi ta fadar Luksambur a duk wancan zamani. Kujerun Nijar a lokacin suna hannun Bature guda da mutumin Maine-Sorowa guda, dukansu zaɓaɓɓun majalisar 1952 wadda wa'adinta ya kusa cika. Ba muna zargin su da sakaci ba ne. Abin da muke nunawa shi ne babu wata hanya a tsarin da za ta sa a tambayi Kel Ewey ko Kel Ferwan ko Tubawan Kawar ra'ayinsu kafin a zana layi a kan ƙasarsu. Dokar ta tanadi wata babbar hukuma, rabinta wakilan mutanen Sahara, rabinta ƴan majalisun Faransa har da sanatoci. Amma wakilan Sahara ɗin ma majalisun yankuna ne suke zaɓensu, wato dai Yamai.

Tambayar da dokar ta tayar ba ta mutu da ita ba. A Mayu 1958 wasu manyan mutane na yankin Tumbutu suka aika wa shugaban Faransa takarda suna neman kada a haɗa su da kudu ƙarƙashin gwamnati guda. A Nijar Djibo Bakary, wanda jam'iyyarsa ta ci kujeru 41 cikin 60 a zaɓen Maris 1957, bai amince da OCRS ba, kuma masana da dama suna ganin batun Sahara yana cikin dalilan da suka sa Faransa ta aiko gwamna Don Jean Colombani ya tabbatar "i" ta yi nasara a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Sanata Djermakoye, wanda majalisar Sawaba ta zaɓa a Yuni, ya rabu da Djibo a kan wannan ƙuri'a, ya shiga gwamnatin Diori a Disamba. Daga 1959 aka rage OCRS ta koma ta tattalin arziki da jin daɗin jama'a, gwamnatin Diori ta ƙulla yarjejeniya da ita, aka sami kuɗin rijiyoyi da famfunan shayar da dabbobi a arewa. Ƴancin Aljeriya a 1962 ya kawo ƙarshenta.

6. Daga 1959 zuwa gaba

A Yuli 1959 wa'adin sanatocin Afirka a majalisar Faransa ya ƙare. Aka maye gurbinsu da majalisar dattawa ta Communauté, mai membobi 284, inda Faransa take da 186, ƙasashen Afirka da Madagaska 98, Nijar 9 daga ciki, waɗanda majalisar dokokin Yamai ta zaɓa daga cikin membobinta. Sau biyu kawai ta zauna, a 1959 da 1960, aka rufe ta a Maris 1961. Diori ya bi wata hanya dabam game da arewa: ya ƙirƙiro ma'aikatar harkokin Sahara da makiyaya ya ba Mouddour Zakara, sarkin Imanan na ƙasar Filinge, Buzu ne amma na yamma.

Bayan tawayen da ya fara a farkon shekarun 1990, yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta ɗora amsar matsalar wakilci a kan rarraba iko zuwa yankuna. Tsarin mulkin Agusta 2009, na tazarcen shugaba Tandja Mamadou, ya tanadi majalisar dattawa, kashi biyu cikin uku zaɓaɓɓu ta hanyar wakilai, kashi ɗaya kuma shugaban ƙasa ne zai naɗa. Sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 18 ga Fabrairu 2010 kafin a kafa ta, tsarin mulkin da ya biyo baya kuma ya koma ga majalisa guda. A 2011 aka zaɓi majalisar yankin Agadas ta farko, wadda ta zauna a cikin garin, aka ba Mohamed Anacko, ɗaya daga cikin jagororin tawayen shekarun 1990, shugabancinta.